Ruku'un Malam Lawan

Ranar Laraba, talatin da ɗaya ga watan Maris na shekarar 2021, aka rufe ramin Akokan, bayan shekara arba'in da uku ana fitar da yuraniyom daga cikinsa. Ikip ɗin da Alkassoum yake shugabanta, wato rukunin ma'aikata goma sha huɗu masu sauka tare su hau tare, ta fito da rana tsaka. Kowa ya cire lambarsa daga allo, kamar yadda aka saba. Lambar nan ɗan farantin tagulla ce da mutum yake ratayawa a bakin rami kafin ya sauka, domin a san wanda yake ƙasa da wanda ya fito. A ranar ba a karɓe su ba, aka bar wa kowa tasa ya tafi da ita gida.

Kafin su watse suka yi alkawari ɗaya. Kowace shekara, a irin wannan rana, za su taru a gidan Alkassoum su yanka rago, su yi sallar Azahar a bayan Malam Lawan.

Malam Lawan mutumin Tasawa ne, ya zo Arlit a 1988 yana saurayi, ya yi shekara talatin da uku yana huda dutse. Tun shekararsa ta biyu ikip ta ɗora masa limanci, kuma mita ɗari biyu da hamsin a ƙarƙashin ƙasa bai taɓa barin lokacin salla ya wuce su ba. Bayansa kuwa, wanda ya ɗauki injin huda dutse duk tsawon shekarun nan bai koka ba, zaman gida ne ya kayar da shi. Ya yi wata shida daga tabarma sai inuwar bishiyar bedi. Wata safiya a watan Oktoba ya sunkuya zai ɗauki buhun hatsi daga ƙasa, domin ya nuna wa matarsa Madina cewa har yanzu yana nan. Buhun bai motsa ba, shi ma bai miƙe ba sai da aka kama shi.

Likita ya ɗauki hoto ya ce ƙashi lafiya lau, naman bayan ne ya yi sanyi. Ciwon ya lafa bayan mako biyu, amma ya bar masa abu ɗaya. Yana iya tsayuwa, yana iya durƙusawa a hankali ya yi sujada, sai dai in ya yi ruku'u ba ya iya ɗagowa. Daga nan ya koma salla a kan kujerar roba a ƙarshen sahu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya gaza wani rukuni na salla ba ya limancin waɗanda suke iyawa, kuma Malam Lawan ya fi kowa sanin haka, domin shi ya karantar da su.

Alkassoum ya zo duba shi da tukunyar shayinsa a hannu, don bai yarda da shayin Hausawa ba.

"Liman, ka san abin da zai same mu in ba ka tashi ba," in ji shi. "Zakariya'u ne zai shige gaba."

Zakariya'u shi ne na'ibin ikip, mutum mai tsoron Allah, wanda in ya kabbara salla sai inuwa ta canja wuri kafin ya sallame.

"Ku yi haƙuri da shi, Shef. Lada ce."

"A zafin Maris? Rago zai ƙone, mu ma mu ƙone. Na kira Zuwaira, gobe za ta zo."

Zuwaira ɗiyar marigayi Attaher ce, wanda ya yi shekara ashirin yana tuƙa motar kwasar dutse a ikip ɗin. Ta yi karatu a Yamai ta dawo tana aiki a wani asibiti a Arlit a matsayin kine, wato mai gyaran jiki ta hanyar motsa gaɓoɓi. Ta sa Malam Lawan ya tsaya, ya zauna, ya sunkuya gwargwadon iyawarsa, tana latsa bayansa da yatsa. Da ta gama ta ce ƙarfe zai ɗaga.

"Ɗagawa ce ta kwantar da ni, ɗiyata."

"Daga ƙasa kuka ɗaga, Baba Liman. Wannan daga sama za ku fara. Za a ɗora sandar ƙarfe a kan ƙusoshi biyu, daidai tsakiyar cinyarku. Ku ɗan sunkuya ku kama, ku miƙe da ita, ku mayar. In baya ya yi ƙarfi sai a sauke ƙusoshin kaɗan, har mu kai gwiwa."

Malam Lawan ya dubi Alkassoum. "Rabin ɗagawa ke nan. A rami in mutum ya ɗauki kaya daga kan tebur ba ma cewa ya yi aiki."

"A rami," in ji Alkassoum, "ka taɓa ganin an fara haƙa daga mita ɗari biyu da hamsin? Daga sama ake farawa, hawa hawa, a ɗaure rufi kafin a ci gaba. Yarinya ta kawo maka aikinka kana gardama."

Wannan magana ta shiga kunnen Malam Lawan, ya amince.

Zuwaira ta ce a yi turaku biyu na ƙarfe, kowanne da huda huɗu. Alkassoum ya zana su a takarda da ma'auni, ya kai wa Sabiru, wani Bakano mai walda a bakin tasha. A garinmu ba a shigar da ƙarfen da ba a san asalinsa ba cikin gida, don gudun mai gubar yuraniyom daga rami, saboda haka suka zaɓi na wata babbar mota da ta mutu a hanyar Assamakka, wadda kowa ya san mai ita. Sai dai da Alkassoum ya dubi zanen ya ga hudojin sun tsaya a gwiwa, rabin turke babu komai, abin bai kwanta masa ba. Bai taɓa ganin taswirar rami da ta tsaya a tsakiyar hanya ba. Ya ƙara huɗu, suka zama takwas, tsakanin kowace da 'yar'uwarta santimita bakwai, ta ƙarshe kusa da idon sawu. Zuwaira ta gani ranar da aka kafa turakun a tsakar gidan Alkassoum, ta ɗauka ado ne.

Aka fara ranar Litinin, goma sha biyar ga Nuwamba, bayan La'asar. Alkassoum ya kafa ɗan allo a jikin bango da ƙusa. Malam Lawan ya zo da lambarsa ta tagulla, mai lamba ɗari huɗu da goma sha biyu, ya rataya ta kafin ya taɓa ƙarfe. Zuwaira ta yi dariya har ta dafa bango, su kuwa ba su ga abin dariya ba.

"Ku matso har sandar ta taɓa cinya," in ji ta. "Ƙafafu daidai faɗin ƙugu. Ku tura ƙugu baya kamar za ku rufe ƙofa da shi, hannuwa su sauka a gefen ƙafafu. Baya a miƙe, ƙirji a buɗe. Ku ja numfashi ku cika ciki, ku riƙe. Yanzu ku taka ƙasa ku miƙe. Kada ku ja da hannu, hannu igiya ce kawai."

Ya miƙe da sandar, kilo ashirin babu ƙari.

"Kada ku gantsare. Tsayuwar salla kawai. To, ku mayar a hankali, ku ajiye ta kamar ƙwai."

Ya ajiye, ƙarfe ya buga ƙarfe da ƙara.

"Ƙwan ya fashe, Liman," in ji Alkassoum.

"Kai dai riƙe shayinka, Buzu."

Sau biyar ake ɗagawa, a huta, a maimaita har zagaye uku, ranakun Litinin da Alhamis kaɗai. Malam Lawan ya nemi a yi kullum, safe da rana da yamma, kamar yadda ikip uku suke karɓa-karɓa a rami, Zuwaira ta hana. Ta ce nama a ranar hutu yake ginuwa. Bayan kowane mako uku takan sauke ƙusoshin huda ɗaya, Alkassoum ya rubuta kwanan wata da alli a jikin turke. Sabiru ya kawo tsofaffin gangunan birki aka zura a bakin sandar don ƙarin nauyi. Ranar goma sha bakwai ga Janairu suka kai huda ta huɗu, daidai gwiwa. A nan Zuwaira ta daina saukarwa, ta koma ƙara nauyi kaɗan kaɗan, har aka kai kilo hamsin da biyar.

A farkon Fabrairu Madina ta leƙa ɗaki ta tarar da mijinta yana nafila a tsaye. Ya yi ruku'u, ya dafa gwiwoyi, ya ɗago a hankali kamar raƙumi mai kaya, amma ya ɗago. Ta koma madafa, da yamma ta yanka masa zabo. A masallaci dai bai bar kujera ba tukuna. Ya ce ba zai tsaya a gaban mutane ba sai ya tabbata raka'a huɗu ba za su ba shi kunya ba.

A tsakiyar watan aka tura Zuwaira wani kwas na mako uku a Agadez. Ta bar musu umarni a taƙaice: su ci gaba yadda suke.

Alkassoum ya tsaya gaban turke yana duban rubutun allinsa. Tun sha bakwai ga Janairu ba a sauka ko huda ɗaya ba. A aikin rami babu abin kunya ga shef, wato shugaban ikip, kamar fuskar dutse ta yi wata guda ba ta ci gaba ba.

"Liman, aiki ya tsaya. Saura hawa huɗu, saura mako shida."

"Ta ce mu ci gaba yadda muke."

"To, yaya muke? Sauka muke yi. Yarinya ce mai kunya, ba ta son ta matsa wa iyayenta."

Malam Lawan ma ya daɗe yana kallon hudojin nan na ƙasa, kuma maganar rabin ɗagawa ba ta bar zuciyarsa gaba ɗaya ba. Ranar Litinin, ashirin da ɗaya ga Fabrairu, suka sauke ƙusoshin zuwa ta biyar, nauyi yana nan yadda yake. Ya ɗaga. A ɗagawa ta uku ya ji wani abu ya ja shi a ƙasan baya ta hannun dama, siriri kamar zare. Alkassoum ya tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau. Ranar Alhamis, uku ga Maris, suka sauka ta shida. A wannan zurfi hannunsa ba ya kai wa sandar sai bayansa ya lanƙwashe, Alkassoum kuwa yana duban ƙusoshi, ba ya duban bayan. Sandar ta tashi kamar taƙi ɗaya ta koma. Malam Lawan ya tsaya a sunkuye, hannu a kan ƙarfe.

"Shef," in ji shi a hankali, "cire mini lambata. Yau ba zan kai allo ba."

A kabu-kabu aka mayar da shi gida, yana rungume da mai babur kamar ƙaramin yaro.

Zuwaira ta dawo ranar Lahadi, Madina ta tare ta da labari tun a ƙofa. Ta duba shi ta ce nama ne ya ɗaure, babu abin da ya yage, amma mako guda ba zai taɓa ƙarfe ba. Daga nan ta wuce gidan Alkassoum, Malam Lawan ya matsa sai ya bi ta yana dogara sanda. Ta durƙusa gaban turke ta karanta kwanakin da aka rubuta.

"Baba Shef, wa ya ce a sauka nan?"

"Aiki ne ya tsaya, ɗiyata."

"Bai tsaya ba, ya iso ne. Baba Liman, ku malami ne. A ruku'u ina tafin hannu yake sauka?"

"A kan gwiwa."

"To me kuka je nema ƙasa da gwiwa? Akwai yuraniyom a can?"

Alkassoum ya gyara rawaninsa. Malam Lawan ya zauna a kan benci. Saura kwana ashirin da biyar, kuma ya riga ya fara tunanin yadda zai gaya wa Zakariya'u ya shirya.

"Laifin ba na Shef ba ne shi kaɗai," in ji shi daga baya. "Tun a ta biyar na ji bayan ya yi magana, na ɓoye."

Alkassoum ya juyo. A rami, kafin a shiga sabon wuri, akan ƙwanƙwasa rufin dutse da doguwar sandar ƙarfe a saurara. In ya yi ƙara tsaf, a shiga. In ya yi sauti kamar ganga, kowa ya ja da baya. A ikip ɗin babu mai kunnen Malam Lawan a wannan aiki, kuma sau biyu kunnen nasa ya fitar da mutane minti kaɗan kafin dutse ya zubo.

"Kai? Rufi ya yi ganga ka yi shiru?"

"Na yi shiru."

"Da a ƙasa ne da na kore ka kwana takwas."

"Ga shi ta kore ni bakwai."

Zuwaira ta ce in sun bi maganarta akwai sauran hanya: hutun mako guda da tafiya a ƙafa safe da yamma, sannan a koma huda ta biyu da sanda kaɗai, a sauko a hankali. Ba ta yi alkawarin komai ba. Ta ce kuma ba ta yarda da su ba muddin hudojin nan suna buɗe.

Washegari da hantsi Alkassoum ya zo da Sabiru da injin waldarsa a kan amalanke. A ƙa'idar rami, hanyar da aka daina aiki a cikinta ba a barin ta a buɗe, toshe ta ake yi, a shafa jan fenti, a rubuta rana. Sabiru ya liƙe hudoji huɗu na ƙasa a kowane turke, yana mita cewa shi ya huda su da hannunsa, kuma bai taɓa ganin mutanen da suke sa a yi aiki su sa a warware kamar 'yan rami ba. Alkassoum ya ja jan layi a ƙarƙashin ta huɗu ya rubuta: an rufe, bakwai ga Maris, 2022.

Ranar goma sha huɗu Malam Lawan ya sake rataya lambarsa. Yanzu kafin kowace ɗagawa Alkassoum yakan tsaya a gefe inda zai ga bayan, ya tambaya, "Rufi?" shi kuma ya amsa da gaskiya. Sau ɗaya ya ce ganga, aka ajiye ƙarfe aka sha shayi. Ranar ashirin da huɗu suka dawo gwiwa da kilo talatin. Ranar Litinin ta ƙarshe ya ɗaga arba'in, sau biyar, zagaye uku, ya ajiye ba a ji ƙara ba. Bai koma hamsin da biyar ba, Zuwaira kuma ta ce babu wanda ya aike shi.

Alhamis, talatin da ɗaya ga Maris, ana saura kwana biyu ko uku a kama azumi, mutum goma sha ɗaya cikin goma sha huɗun suka hallara. Wasu sun zo daga Maraɗi da Damagaram a motar haya, ɗaya ya zo daga wajen haƙar zinariya ya yi baƙi ya rame. Aka yi ta gaisawa ana tsokanar juna da furfura da tumbi. Rago yana kan wuta, Madina da matan gidan suna can ciki, Zuwaira tana tsaye a bakin ƙofar da take kallon rumfa.

Da aka kira salla, Zakariya'u ya ɗauko kujerar roba ya ajiye a ƙarshen sahu, da kyakkyawar niyya, ya tsaya yana jira. Malam Lawan ya gama alwala ya zo ya dubi kujerar.

"Wa ba shi da lafiya?" in ji shi, ya wuce gaba.

Ya kabbara. Ya yi karatunsa a ɓoye, gajere kamar yadda ya saba, sannan ya tura ƙugu baya, ya sauke tafin hannu a kan gwiwoyi, baya a shimfiɗe. Alkassoum ya faɗa daga baya cewa a wannan ruku'u bai iya tasbihi ko ɗaya ba, kunnensa yana gaba. Sahu ya yi tsit, ana jin kitsen rago yana ɗiga a wuta. Sai murya ta zo daidai, babu nishi a cikinta: "Sami'allahu liman hamidah." Suka ɗago tare.

A raka'a ta huɗu ya ɗan daɗe a ruku'u fiye da yadda suka san shi. Bayan sallama da addu'a, wani daga cikin mutanen Damagaram ya miƙe yana dafe da ƙugu.

"Liman, wannan ruku'u na ƙarshe fa? Mun zaci Zakariya'u ne ya karɓa."

"Ina duba rufi ne."

"Naka ko namu? Nawa dai ganga yake yi."

Aka yi dariya har Zakariya'u. Ana cin nama, baƙin suka kewaye turakun suna shafa jan layin, Alkassoum yana ba su tarihin kowace huda da kwanan watanta, har da biyun da ya ce kuskuren shugabanci ne. Zuwaira ta leƙo ta gargaɗe su cewa duk wanda ya taɓa sandar da cikinsa cike da rago, babu ruwanta.

Madina ta aiko a mayar mata da kujerarta, ta ce wata biyar ke nan tana tsintar shinkafa a tsugune. Zakariya'u ne ya kai ta har ƙofa. Da ya dawo ya laluba aljihun rigarsa ya fito da tasa lambar ta tagulla, ya tsaya gaban allon yana juya shi a hannu.

"Shef, akwai wata ƙusar?"

"Bayan salla ƙarama," in ji Alkassoum. "Litinin da Alhamis. Kuma daga sama za ka fara."